Wa Ke Biyan Kuɗin Man Fitila? Yini Guda a Tsohuwar Alƙahira

Wanda ya buɗe taswirar Alƙahira a wayarsa yana neman inda birnin ya faro zai tarar da wurare huɗu, kowanne yana da'awar shi ne tushe, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. A shekarar 641 Amr ɗan As ya kafa Fustat a gefen kogin Nilu, lokacin da Musulmi suka ci ƙasar Masar. A 750 Abbasiyawa suka matsa arewa kaɗan suka kafa Al-Askar. A 870 Ahmad ibn Tulun ya ƙara matsawa ya gina Al-Ƙata'i. A 969 kuma Jauhar, kwamandan rundunar Fatimiyawa, ya shata wani sabon birni can gaba, shi ne ya ci sunan Alƙahira. Sai da Salahuddin ya zo a ƙarni na 12 sannan aka fara jan ganuwa guda don ta tattara su wuri ɗaya.

Dalilin wannan matsawa arewa a fili yake. Kogi ya tare yamma, dutsen Muƙattam ya tare gabas, iskar da ke sanyaya garin kuma daga arewa take kaɗawa. Kowane sabon mai mulki yana son ya shaƙi iskar kafin ta bi ta kan hayaƙi da jujin waɗanda suka riga shi. Wannan ya yi wa baƙo gata. In ka fara daga kudu da safe ka nufi arewa, kusan a jere za ka riƙa cin karo da zamunna, tazarar kuma ba ta kai kilomita goma ba. Haka muka tsara yininmu, rabi a ƙafa, rabi a tasi.

Tambaya ɗaya muka riƙe a hanya. Duk waɗannan sarakuna sun yi gini, kowa kuma ya yi ne don ya dawwama. To me ya sa wasu gine-ginen suka kai yau, wasu kuwa ko harsashinsu ba a gani? Mu da ke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san tambayar ta wata fuska, domin a sana'armu ƙirƙirar abu ba ta kai riƙe shi wahala ba. Abin da muka gani a Alƙahira shi ne, ƙarfin dutse ƙaramin ɓangare ne na amsar.

Da safe: rijiyar awon kogi da birnin da aka ƙone

Mun fara daga ƙarshen tsibirin Rauda ta kudu, inda Miƙyas yake, wato ma'aunin Nilu. An gina shi a 861 bisa umarnin halifan Abbasiyawa Al-Mutawakkil. Rijiya ce ta dutse mai matakala, a tsakiyarta an kafa ginshiƙin marmara mai kusurwa takwas, an zana masa ma'auni kamu-kamu. Ruwan kogi yana shigowa ta wasu hanyoyi da aka fasa a bango. Idan ambaliyar shekara ta kai kamu 16, an san gonaki za su sha ruwa, sai a yi shela, a yi biki, a fasa bakin babban magudanar da ke ratsa birni. Idan ta gaza da yawa, yunwa ce ke tafe. Idan ta zarce, ɓarna. Da wannan lamba hukuma take yanka harajin gona, 'yan kasuwa kuma su san inda farashin alkama zai dosa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne mai tsaron rijiyar. Tun daga zamanin da aka gina ta aka damƙa aikin ga wani mutum mai suna Abu Raddad, zuriyarsa kuma ta gaji aikin har ɗaruruwan shekaru. Dauloli sun faɗi, wasu sun tashi, amma kullum da akwai wanda ake biya ya sauka matakalar nan, ya yashe laka, ya karanta ginshiƙi. Aikin rijiyar ya ƙare da kogin ya daina ambaliya bayan gina babbar madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970. Yau busasshiya ce, muryar mutum kawai ke amsa amo a cikinta.

Daga nan muka tsallaka zuwa Fustat. Masallacin Amr shi ne na farko a ƙasar Masar, amma babu tubali ko ɗaya na zamanin Amr da ya rage a jikinsa. Na asalin ƙarami ne, ginshiƙansa kututturan dabino. An rusa an sake, an faɗaɗa, har a 827 ya kai girman da yake da shi yanzu, bayan haka ma an sake gina sassansa sau da dama. Duk da haka ba wanda ke shakkar cewa masallacin Amr ne, tunda wurin bai canja ba, sallar ma ba ta canja ba.

'Yar tafiya kaɗan daga nan akwai ragowar sansanin Rumawa da ake kira Babilun. A kan ɗaya daga cikin ƙofofinsa Kiristoci Ƙibɗawa suka ɗora cocin da ake wa laƙabi da Ratayayyiya, don ba a ƙasa take zaune ba. A lungu na gaba kuma akwai wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra. Yahudawan Fustat ba sa jefar da takardar da za ta iya ɗauke da sunan Allah, al'adar da ba baƙuwa ba ce a gare mu. Sai suka riƙa zuba tsofaffin takardu a wani ɗaki a saman ginin, har ɗaruruwan shekaru. A 1896 da 1897 wani malami mai suna Solomon Schechter ya kwashe guntaye kusan 193,000 ya kai Kambirij. A ciki akwai wasiƙun fatake masu zuwa Indiya, takardun aure da na bashi, rubutun masu magani, har da takardun yara masu koyon baƙaƙe. Da yawansu Larabci ne da haruffan Ibrananci, wato ajaminsu. Yawancin abin da aka sani game da rayuwar talakan Fustat daga wannan shara mai alfarma ya fito.

Birnin kansa bai samu irin wannan sa'a ba. A 1168 waziri Shawar ya sa aka cinna masa wuta don kada ya faɗa hannun Amalrik, sarkin 'yan Salibiyya na Ƙudus. Masanin tarihi Maƙrizi, wanda ya rasu a 1442, ya ce wutar ta yi kwana 54 tana ci. Fustat ta ɗan farfaɗo bayan haka. Maƙrizin ne kuma ya ba da labarin cewa a shekarun 1240 mahajjata daga Kanem sun ba alƙali Ibn Rashiƙ kuɗi ya gina makarantar Malikiyya a nan, kuma sun ci gaba da aiko mata da kuɗi kusan kowace shekara. Ashe mutanen gefen tafkin Chadi sun taɓa riƙe makaranta a bakin Nilu daga nisan watanni. Ba ta cikin wuraren da ake kai baƙo yau. A littafi muka san ta.

Hantsi: masallacin da mai gudun hijira ya ceta

Tasi ya sauke mu a ƙofar masallacin Ibn Tulun. Ahmad ibn Tulun ɗan bawa Baturke ne da ya tashi a Samarra ta Iraƙi, aka turo shi gwamna, ya mai da Masar tasa. Ya gina masallacin tsakanin 876 da 879 da jan bulo da farar ƙasa, a fili da ya haura kadada biyu da rabi. Hasumiyarsa matakalarta a waje take, tana nannaɗe da ita kamar rawani, irin ta Samarra. Wanda ya shigo daga hayaniyar titi, shirun tsakar masallacin ne zai fara dukansa.

A 905 Abbasiyawa suka dawo da ƙarfi suka baje Al-Ƙata'i. Fada ta tafi, filin sukuwa ya tafi, gidajen sojoji suka tafi. Masallacin kaɗai aka bari. To amma masallacin da ba shi da unguwa ba shi da masallata, sai ya riƙa lalacewa. A ƙarni na 12 ya zama masaukin matafiya daga Magrib.

A 1293 wani babban hafsa mai suna Lajin, wanda ke da hannu a kisan Sarki Al-Ashraf Khalil, ya gudo ya ɓuya a cikin kangon. Yana ɓoye ya yi bakance cewa in Allah ya fid da shi zai gyara wurin. A 1296 ya hau gadon sarauta, ya kuwa cika alkawari. Ƙubbar da ke tsakar masallacin tasa ce, mumbarin nasa ne, an kuma yi wa hasumiyar babban aiki a zamaninsa. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne dukiyar da ya tsayar don a riƙa biyan malamai da ma'aikata. An kashe Lajin a 1299, ko shekara uku bai cika a kan karaga ba, amma masallacin ya ci gajiyar wannan gajeren mulki har yau. Wasu daga cikin sassaƙaƙƙun allunan mumbarinsa kuwa an ɓamɓare su a ƙarni na 19, suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan.

Azahar: takardar da ta fi bango ƙarfi

Daga saman hasumiyar ana hango Ƙal'a, sansanin da Salahuddin ya fara ginawa a kan tudu a 1176. Wasu duwatsunsa daga ƙananan dalolin Giza aka kwaso. Kusan shekara 700 daga nan ake mulkin Masar, har Khedive Isma'il ya koma fadar Abdin a 1874. A nan Mansa Musa na Mali ya gana da Sarki An-Nasir Muhammad a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Al-Umari, wanda ya bincika labarin shekara 12 bayan haka, ya ce darajar zinariya a kasuwar birnin ba ta gama farfaɗowa ba saboda yawan wadda Malawan suka zubar.

Mun nemi ragowar fadojin wancan zamani, sai muka tarar ba su. Muhammad Ali, wanda ya yi wa shugabannin Mamlukawa kisan gilla a cikin wannan sansani a 1811, ya rushe manyan zaurukan An-Nasir ya ɗora nasa masallacin mai kama da na Istambul, wanda aka fara a 1830. Amma masallacin An-Nasir na 1318 yana nan a gefe, ginshiƙansa kowanne da irin kansa, domin daga gine-ginen Fir'aunoni da na Rumawa aka tsinto su. Fada ta tafi, masallaci ya tsaya. Wannan ne karo na biyu da muka ga haka a rana ɗaya.

Bayanin yana gangaren tudun, a makarantar Sultan Hasan. An fara ta a 1356, 'yan shekaru bayan annobar 1348 da ta kashe ɗimbin mutanen birnin. Dukiyar waɗanda suka mutu ba magada ta koma baitulmali, daga cikinta aka samu kuɗin aikin. Gini ne da ke sa mutum ya ji kansa ƙwaro: manyan zauruka huɗu suna fuskantar tsakar gida, a kusurwoyi kuma makarantu huɗu, ɗaya ga kowace mazhaba, har da tamu ta Malikiyya. A 1361 wata hasumiya ta rufto ta kashe mutum kusan 300. Ba a daɗe ba aka kashe sarkin, ba a kuma ga gawarsa ba. Ƙubbar da ya tanadar wa kansa ba ta karɓe shi ba.

Abin da ya bari mafi amfani takarda ce, wato takardar waƙafi. Mai gini yakan tsayar da gonaki, ko shaguna, ko gidan wanka, ko gidajen haya, ya ce ba a sayarwa, ba a gado, kuɗin da suke kawowa na wannan gini ne. Sannan ya zayyana a gaban alƙali da shaidu yadda za a kashe su: albashin liman da ladanai, na malamai, kuɗin ɗalibai, waɗanda a nan sun kai kusan 500, na likita, na mai ƙofa, na mai shara, na mai kunna fitila, har kuɗin man fitilar da tabarmi. A irin waɗannan takardu akan gindaya cewa gyaran ginin ne farko kafin a biya kowa, ko da zai cinye kuɗin duka. Duk mai rubuta manhaja da ya karanta irin wannan tsari zai ji kishi. An rubuta wanda zai yi me, da abin da za a biya shi, da wanda zai duba shi, da abin da za a fifita in kuɗi ya gaza, kuma an rubuta shi ne don lokacin da mai shi ba ya nan.

Ba tsoron Allah kaɗai ya haifar da wannan ba. Mamlukawa, waɗanda suka yi mulki daga 1250 zuwa 1517, bayi ne da ake sayowa daga waje, a horar da su, a 'yanta su, su zama hafsoshi. A bisa tsari ɗan hafsa ba ya gadon matsayin ubansa, sarki kuma yana iya ƙwace dukiyar kowa da safe ɗaya. Dukiyar waƙafi ce ke da wuyar taɓawa. Sai hafsa ya gina makaranta, ya naɗa 'ya'yansa masu kula da ita, ya ware musu rarar kuɗin. Ya nemi lada, ya kuma ɓoye wa iyalinsa abinci. Fada kuwa ba ta da irin wannan kariya. Ta mai mulki ce, duk wanda ya hau kuma yana da ikon rushe ta.

La'asar: ƙofar rataya da ɗakin 'yan Barno

Bayan mun ci koshari, wato haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa, muka bi ta rufaffiyar kasuwar masu ɗinkin tanti, wadda Ridwan Bey ya gina a wajajen 1650, muka ɓullo gaban Bab Zuwaila. Wannan ce ƙofar kudu ta birnin Fatimiyawa, waziri Badr al-Jamali ya gina ta a 1092. A nan Sarki Salim na Turkiyya ya sa aka rataye Tumanbay, sarkin Mamlukawa na ƙarshe, a 1517.

Hasumiyoyi biyun da ke kan ƙofar ba nata ba ne, na masallacin Mu'ayyad ne da ke manne da ita. A da kurkuku ne a wurin. An taɓa tsare Mu'ayyad a ciki, ƙuma da ƙwarƙwata suka gallabe shi, shi ma ya yi bakance irin na Lajin. Da ya zama sarki ya rushe kurkukun, ya fara masallaci a 1415. Ƙyauren tagulla da ke ƙofarsa kuwa daga makarantar Sultan Hasan ya ciro shi. Takardar waƙafi tana da ƙarfi, amma ba kullum take iya tare hannun sarki ba.

Daga nan zuwa Azhar tafiyar 'yan mintoci ce. An fara gina shi a 970, aka fara Juma'a a cikinsa a 972. Fatimiyawa 'yan Shi'a Isma'iliyya ne, don haka da Salahuddin ya kawo ƙarshen daularsu a 1171 sai aka daina Juma'a a Azhar, kusan shekara ɗari, har Sarki Baibars ya mayar da ita a 1266. Daga nan kowane zamani ya ƙara nasa: wannan hasumiya, wancan ƙofa, wancan makaranta. An raba ɗalibai baƙi zuwa ɗakuna da ake kira riwaƙ, kowanne da nasa shehi da nasa waƙafi, har da rabon gurasa na kullum. Akwai na Magribawa, na Shamawa, na Turkawa, na mutanen Jabarti daga gabashin Afirka, akwai kuma na 'yan Barno.

A wannan unguwa muka tuna da Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin Katsina da ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira, ya rasu a 1741 a gidan Shehu Hasan al-Jabarti. Ɗan mai gidan, Abdurrahman al-Jabarti, shi ne babban marubucin tarihin Masar na zamaninsa, kuma ya sa Bakatsinen a littafinsa. A wajajen 1732 Al-Kashnawi ya yi rubutu a kan abin da muke kira hatimi, wato gidajen lambobi da ake jerawa yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. A hatimi mai gida uku-uku, jimlar 15 ce. Shi don ilmin asirai ya yi, amma ya bayyana ƙa'idojin cika hatimi masu gidaje mara, mataki bayan mataki, yadda wanda ya bi su zai kai ga amsa. Wannan shi ne abin da muke kira algoridim a aji, kalmar da ita ma daga sunan Al-Khawarizmi ta fito. Bai bar gini ko ɗaya ba. Ya bar littattafai a hannun aminin da ya kula da su, suka kuma sami masu kwafa.

Bayan la'asar: tsakanin fadoji biyu da babu su

Mun ratsa kasuwar Khan al-Khalili, wadda wani hafsa mai suna Jaharkas al-Khalili ya kafa a shekarun 1380 a kan maƙabartar halifofin Fatimiyawa, bayan ya sa an kwashe ƙasusuwansu an zubar a juji. Muka fito titin Mu'izz, a daidai inda ake kira Bainal Ƙasraini, wato tsakanin fadoji biyu. Masu karatun adabi sun san sunan daga littafin Najib Mahfuz na 1956, marubucin da ya tashi a wannan yanki, ya kuma ci kyautar Nobel a 1988. Sunan ya rayu, fadojin ba su rayu ba.

A kan filin fadar yamma Sarki Ƙalawun ya gina makaranta da ƙubba da asibiti a 1284 zuwa 1285, cikin watanni kusan 13. An ce ya taɓa yin jinya a asibitin Nuruddin na Dimashƙa, ya ƙudurta yin irinsa. Waƙafinsa ya ce a yi wa kowa magani kyauta, mace da namiji, mai kuɗi da talaka. Akwai sassa daban-daban, har da na masu ciwon ido da na masu taɓin hankali. Har yau akwai asibitin ido mai ɗauke da sunansa a wani ɓangare na filin. Abin da aka samu na fadar Fatimiyawa kuwa wasu sassaƙaƙƙun katakai ne masu hotunan mafarauta da makaɗa, waɗanda magina suka kifa fuskarsu suka yi amfani da su a ginin Ƙalawun. Suna gidan adana kayan fasahar Musulunci yanzu. Maƙwabciyar ginin, makarantar An-Nasir, ƙofarta ta wata coci ce da aka ciro daga Akka bayan an ƙwace garin daga 'yan Salibiyya a 1291.

A ƙarshen titin, jikin ganuwar arewa, masallacin Al-Hakim yake, wanda aka fara a 990 aka gama a 1013. Shi ya nuna mana abin da ke faruwa in mai kula ya ɓace. An tsare fursunonin yaƙi a cikinsa, sojojin Napoleon sun mai da shi sansani, ya zama rumbun ajiya, an yi makarantar yara a tsakarsa. A 1980 jama'ar Bohra ta Indiya, masu danganta kansu da Fatimiyawa, suka gyara shi da farin marmara. Ya dawo wurin salla, amma masana gine-gine da yawa sun ce gyaran ya shafe tsohuwar fuskarsa. Ashe gyara ma, in ya zo a makare kuma a lokaci guda, yakan ci rabin abin da ya zo ceto.

Almuru: kan tsohon juji

Mun ƙare a lambun Azhar, a kan tudun gabas. Shekara 500 mutanen birni suna zubar da shara a nan, har ta binne ganuwar zamanin Salahuddin. Gidauniyar Aga Khan ce ta kwashe jujin ta yi lambu, aka buɗe shi a 2005, aka kuma tono ganuwa mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi. Sharar da ta binne ta ita ce ta tsare ta daga masu neman dutsen gini. Daga nan ana ganin hasumiyoyi jere, ana kuma jin kiran magariba yana tasowa daga ɗaruruwan wurare, ba biyu da suka fara tare.

Tsarin da ya riƙe waɗannan hasumiyoyi ya daɗe da sauya hannu. A farkon ƙarni na 19 Muhammad Ali ya mayar da yawancin gonakin waƙafi ƙarƙashin hukuma. A 1881 aka kafa kwamitin kula da tsofaffin gine-gine, ya ceci da yawa, amma a wurare da dama ya share gidaje da shagunan da ke manne da su don a ga ginin sarai. A shekarun 1950 gwamnati ta soke waƙafin iyali, ta tattara sauran a hannun ma'aikata. UNESCO ta sa tsohon birnin a jerin kayan gadon duniya a 1979, girgizar ƙasa ta 1992 kuma ta tsattsaga gine-gine masu yawa. Babban abokin gabarsu a yau ba ya da amo: ruwa ne da ke tsiyaya daga tsofaffin bututu, ya taru a ƙasa, ya hau bango da gishiri, ya rududduge dutse. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san wannan cuta, ya kuma san maganinta yaɓe ne kafin damina. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gabas da kudu da lambun, maƙabartun birnin ne shimfiɗe, waɗanda ake kira Ƙarafa. Can kudu ƙubbar Imam Shafi'i take, shi da ya rasu a 820, aka gina masa ita a 1211. A wannan yanki aka binne Jalaluddin Suyuɗi a 1505, malamin da ake karanta littattafansa a zaurukanmu, wanda ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas. Iyalai da yawa marasa hali suna zaune a tsakanin ƙaburburan tun kakanni, wasunsu su ne masu share su. Tun 2020 ake rushe sassan maƙabartar don buɗe manyan tituna da gadoji. Hukuma tana cewa birni mai mutum fiye da miliyan 20 yana bukatar hanya, kuma ba ta taɓa gine-ginen da ke cikin rajista. Masu adawa suna cewa yawancin abin da ke da daraja a wurin bai taɓa shiga rajistar ba. Wanda ya kwana a cunkoson motocin Alƙahira ba zai raina hujjar farko ba. Amma Jaharkas al-Khalili ma yana da tasa hujjar ranar da ya zubar da ƙasusuwan halifofi don ya yi kasuwa.

Abin da yinin ya nuna mana ke nan. Ginshiƙin Miƙyas ya samu iyalin da ke sauka matakala. Masallacin Ibn Tulun ya samu Lajin. Takardun Ben Ezra sun samu mutanen da ke jin nauyin zubar da su, rubutun Al-Kashnawi ya samu masu kwafa. Fadojin da suka fi su ado da tsada ba su samu kowa ba bayan masu su. A ofisoshinmu kowa yana son a sa shi a sabon aiki, ba mai son gadon tsohuwar manhajar da wani ya rubuta ya tafi, alhali ita ce ke biyan albashi. Haka kuma masu kuɗi da masu mulki suka fi son yanka ƙyalle a bakin sabon gini a kan biyan mai gyaran indararo. In Allah ya kai ku Alƙahira, ku ɗaga kai ku kalli ƙubbobin, sun cancanta. Sannan ku sauke ido ku nemi dattijon da ke karɓar takalma a bakin ƙofa da yaron da ke jan tsintsiya a tsakar masallaci. Aikinsu yana cikin takardar waƙafi tun shekara ɗari shida da suka wuce, a shafi ɗaya da na malamai.